Wane Babur Ke Hawa Tudun Rairayi da Kaya?

Duk mai fatauci tsakanin Birnin Lalle da Dakoro ya san wahalar tudun rairayi. Mun kwatanta babura iri uku. Mai ƙafa huɗu, irin wanda aka yi tseren Dakar da shi har 2024, shi ne gwani, domin tayoyinsa masu faɗi ba sa nutsewa, sai dai ga tsada ga wuyar kayan gyara. Mai ƙafa uku yana kwasar buhuna, amma yakan kafe a tsakiyar tudu. Kabu-kabu irin Kasea kuwa yana hayewa in an rage iskar taya, an sa giya ta ɗaya. Don haka 'yan kasuwa, kada tsimin kuɗin haya ya sa ku lafta masa kaya. In man shanu ya zube, jari ya tafi.