Daga Zermu zuwa jami'ar Damagaram: kada ɗalibi mai otisim ya dawo gida da jakarsa

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BAK ya fito, guɗa ke tashi cikin gidaje, mu kuma a gidajen rediyo sai saƙonnin taya murna su yi ta shigowa. A Zermu, cikin gundumar Mirya, kamar ko'ina a ƙasar Damagaram, yaron da ya ci BAK ba shi kaɗai ya sha wahalar ba. Akwai uwar da ta shekara 13 tana suyar ƙuli-ƙuli saboda kuɗin kaye da bik, akwai uban da ya kai rago kasuwa domin yaro ya zauna lise a birni.

Amma akwai labarin da ba a kawo mana mu sanar. Shi ne na ɗalibin da ya tafi jami'a da maki mai kyau, kafin shekara ta zagayo ya dawo ya shige ɗaki. Wasu su ce lalaci ne, wasu su ce girman kai, wasu su ce iska ce ko sammu. Jama'a masu karatu, cikin waɗannan yara akwai waɗanda karatun bai gagare su ba. Zaman jami'ar ne ya gagare su, don ƙwaƙwalwarsu tana aiki ta wata hanya daban.

Mene ne otisim?

Likitoci suna kiran wannan hali otisim, wasu kafofin labarai na Hausa kuma suna cewa galahanga. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana shi a shekarar 1943. Da shi ake haihuwar mutum, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba rashin tarbiyya ke kawo shi ba, ba kuma allurar rigakafi ba. Rahoton 1998 da ya ɗora laifin a kan rigakafi, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum 1 cikin 127 a duniya yana da otisim. In an bi wannan lissafi, kasuwar da ta tara mutum 1.000 za a iya samun wajen 8 a cikinta. An fi gano shi ga maza, amma ƴan mata da yawa suna ɓoyewa cikin abin da muke kira kunya.

Ba duka suke ɗaya ba. Wani ba ya magana sam, yana bukatar mai kula da shi har girma. Wani kuma shi ne na ɗaya a lissafi, amma kallon idon mutane yana masa nauyi, ba ya gane habaici ko zolaya, hayaniya tana masa zafi kamar ana buga masa ganga cikin kunne, in an sauya masa tsari ba zato sai ya rikice. Akwai kuma ƴan uwan wannan hali: yaron da baƙaƙe ke cakuɗe masa duk da kaifin basirarsa, da wanda hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Me ya sa sai a jami'a?

A ƙauye kowa ya san halin yaro. Mushe ya san shi tun yana ƙarami, abinci yana da lokacinsa, hanyar lakwal guda ce. Wannan tsari shi ke riƙe da shi ba tare da an lura ba.

Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Tawa, kuma take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, wata duniya ce daban, haka ma jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Babban ɗakin karatu cike da ɗalibai, lasifika na ƙara, malami na zuba faransanci da sauri kowa na rubutu. Ɗakin kwana na tarayya, layin abinci, layin takardun burs, darasin da aka ɗage ba sanarwa. Mai sayar da tumatir ta san cewa kaya mai kyau ma yana lalacewa in an danne shi a ƙasan kwando. To haka ɗalibi mai otisim ke fara fashin aji, ya daina cin abinci, ya kasa gaya ma kowa, har jarrabawa ta wuce shi.

Doka tana bayansu

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a shekarar 2008, kuma saƙa ta 24 ta wannan yarjejeniya ta ambaci ilimi mai zurfi ba tare da wariya ba. A watan Disamba na 2019 an kafa doka mai lamba 2019-62 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin ƙasa. Sai dai idan an ce naƙasa, idonmu ya fi zuwa kan mai keke ko makaho da sandarsa. Wanda bukatarsa ba ta ganuwa, shi ake mantawa.

Abin da ake nema bai kai kuɗin ginin aji guda ba. A Faransa, ɗalibin da likita ya tabbatar da bukatarsa ana iya ƙara masa kashi ɗaya cikin uku na lokacin jarrabawa, wato ta awa 3 ta zama ta awa 4. Muna kira ga shugabannin jami'o'inmu da ofishin da ke kula da kwana da abincin ɗalibai su duba waɗannan: ƙarin lokaci da ɗaki marar hayaniya ranar jarrabawa, izinin ɗaukar muryar malami da salula ko samun darasi a rubuce, sanar da sauyin lokaci tun da wuri, ɗakin kwana mai mutane kaɗan, da ma'aikaci guda sananne wanda ɗalibi zai je wurinsa ba tare da tsoron tonon asiri ba. Wannan ba ragi ba ne a kan karatu. Tambayoyin jarrabawa ɗaya ne, mudun awo ɗaya ne.

Aikin iyaye

Iyayenmu mata na kasuwa da alhazan shaguna, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Ku kuka san abin da ke tayar ma yaronku hankali da abin da ke kwantar masa.

Na farko, a je asibiti. Ba a gano otisim da awon jini. Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan adam ne ke tambayar tarihin yaro tun yarinta ya kuma lura da shi. Takardarsa ita ce hujjar da za a nuna a jami'a. Addu'a ba ta hana ganin likita, amma duka da ɗauri da turaren barkono ƙara ciwo suke. Babu ƙwayar da ke kawar da otisim, saboda haka duk wanda ya ce a ba shi jika kaza ya warkar, kuɗinku yake so. Farfaɗiya da rashin barci da yawan damuwa, waɗanda kan zo tare da shi, su suna da magani.

Na biyu, kafin a koma karatu a raka yaro Damagaram. A bi hanya da shi daga masauki zuwa jami'a har ya saba, a nuna masa inda zai hau kabu-kabu da nawa zai biya. In akwai ɗan uwa mai gida natsattse a Birni ko Zango, wani lokaci ya fi ɗakin tarayya.

Na uku, a raba masa kuɗin guzuri mako-mako, a tsayar da ranar kira. Kada a tsaya ga "Lafiya lau?", don amsar kullum lafiya lau ce. A tambaye shi: "Ɗana, me ka ci yau? Aji nawa ka shiga? Ka yi barci?" A bar shi kuma ya zaɓi fannin da ransa ke so, domin a nan ƙarfinsa yake. Shi ne zai yanke wanda za a gaya ma halinsa, tunda ya girma.

Masu cinikin dabbobi su ji wannan. Temple Grandin, wadda aka haifa a Amurka a 1947, ba ta fara magana ba sai da ta wuce shekara 3. Mahaifiyarta ta ƙi yarda a ajiye ta gefe, wani malamin kimiyya kuma ya riƙe ta. Ta zama farfesa kan kiwo a jami'ar jihar Colorado, kuma hanyoyin da ta zana na koro shanu ba tare da firgita su ba sun bazu a mayankan Amurka. Ba kowane yaro zai zama farfesa ba, amma kowanne yana da haƙƙin a gwada shi da adalci.

Ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin otisim tun 2007. Mu kada mu jira ta. Idan ɗiyar maƙwabciyarki a rumfa ta dawo daga jami'a ta yi shiru, kada ki zama ta farkon yaɗa magana. Ki ja uwar gefe ki ce, Yaya, mu kai ta a duba. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa wahalar iyaye ta zama riba.