Rumbu Biyu, Ƙofa Ɗaya

Bara, ana saura mako guda jarrabawa, kwamfutar da mu ke ajiye takardun kwalejinmu ta mutu. Tambayoyin jarrabawa da makin ɗalibai duk suna cikinta. Kwana uku muka yi ba mai iya buɗe kome. Da aka gyara, sai aka ɗora mini aikin hana irin wannan sake aukuwa, don haka na ga ya kamata in bayyana wa jama'a abin da muka yi.

Irin wannan kwamfuta ana ce mata saba. Watau kamar rumbu ta ke, kowa na zuba fayilolinsa, yana kuma ɗiba daga inda ya ke zaune. Masu Linux su kan shiga ta hanyar NFS, wadda kamfanin Sun ya ƙago cikin 1984, masu Windows kuwa ta hanyar Samba.

To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai muka kafa saba biyu. Duk abin da aka rubuta a faifan ta farko, manhajar DRBD kan rubuta shi nan take a faifan ta biyu. Wata manhaja kuma, Pacemaker, ita ce mai gadi. Adireshi ɗaya tak malamai suka sani. In ta farko ta faɗi, sai mai gadin ta miƙa wa ta biyu adireshin, aiki ya ci gaba.

Amma fa akwai haɗari. In wayar da ke tsakaninsu ta tsinke, kowace sai ta zaci 'yar'uwarta ta mutu, su shiga rubutu dabam-dabam, fayiloli su rikice. Saboda haka muka sa wata ƙaramar kwamfuta ta uku mai raba gardama. Wadda aka kayar, sai a yanke mata wuta.

Sa'an nan batun ɓarayi. NFS na aiki ta ƙofa 2049, Samba ta ƙofa 445. Duk mun rufe su ga mutanen waje, sai kwamfutocin kwaleji kaɗai. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, ɗalibi ba ya leƙa fayilolin malami. Mun kuma kashe tsohuwar hanyar nan SMB1, don ta ita ce cutar WannaCry ta bi cikin watan Mayu 2017, ta tsai da aiki a asibitocin Ingila da yawa.

Abu na ƙarshe shi ya fi kome muhimmanci. In wani ya goge fayil a ta farko, nan da nan ya goge a ta biyu. Ashe ke nan rumbu biyu ba su tsare mu daga kuskuren hannu. Don haka kowane dare mu kan kwafe kome a wani faifai da ke kulle a wani gini dabam. Kowane zango kuma ni kan zare wutar saba ɗaya da gangan, in ga ko ɗayar za ta karɓa.

Ku kuwa, jama'a, abin da na ke roƙo shi ne kada ku ba kowa aron kalmar sirrinku, ko da aminin ƙwarai ne. Allah ya kiyaye mu, amin.