Jakar Hannu Mai Amsa Kira: Shaidar Rediyo da Sirrin Mai Saye

Gabatarwa

Idan aka miƙa wa tsohon baduku a Ƙofar Wambai fata, ba ya bukatar takarda kafin ya faɗi asalinta. Yakan murza ta, ya sansana, ya ɗaga ta ga haske, sannan ya ce ta akuya ce ko ta tunkiya, jimar bagaruwa ce ko ta masana'anta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Sai dai a kasuwannin duniya na yau masu yin jabu sun ƙware har ido yana ruɗuwa. Wannan ya sa manyan kamfanonin da ke ɗinka jakunkunan hannu masu tsada suka koma ɓoye wata 'yar na'ura a cikin shafin jaka, wadda ke faɗin lambarta idan aka tambaye ta da igiyar rediyo. Turawa suna taƙaita sunanta da RFID, a wannan maƙala kuwa za a kira ta shaidar rediyo. Za a duba yadda take aiki, da abin da take iyawa da wanda ba ta iyawa, da kuma inda haɗarinta yake ga sirrin mai jaka.

Fatar Kano da Tafiyarta

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, fatake suke ɗaukar jemammiyar fata su ratsa Sahara da ita. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, takan isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, don haka Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa fatu da takalma suna cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa. Har gobe sunayen unguwannin Majema da Dukawa suna tuna wa mutane wannan sana'a, kuma masana'antun jima na Chalawa da Sharaɗa da Bompai suna tura fatu zuwa Italiya da Sifen, inda ake yin takalma da jakunkuna.

Abin lura shi ne, fatar takan bar Kano ba suna ba shaida. Idan ta dawo a matsayin jaka cikin akwatin lefe, sunan wani take ɗauke da shi, kuma mai yiwuwa da lamba a ɓoye a cikinta.

Yadda Shaidar Ke Aiki

Makiyayi yakan tsaga kunnen saniya ko ya ɗora mata lalas don ya gane ta a cikin garke. Shaidar rediyo ma aikinta ke nan, illa dai ba da ido ake karanta ta ba. Sassanta biyu ne. Na farko ƙwayar silikon ce wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, a cikinta aka adana lamba. Na biyu kuwa eriya ce, watau siririn zaren tagulla ko alminiyam da aka shimfiɗa a kan leda mai kaurin takarda.

Yawancin waɗannan shaidu ba su da batir. Daga ina ke nan suke samun wuta? Amsar tana cikin binciken da masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ya yi a 1831, inda ya nuna cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana sauyawa a kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki yakan gudana a cikin wayar. Na'urar karantawa takan saki igiyar rediyo, eriyar shaidar ta kama, ɗan lantarkin da ya samu ya farkar da ƙwayar, ita kuma ta mayar da lambarta. Da zarar an janye na'urar sai ta koma barci. Misalinta kamar madubi ne a ɗaki mai duhu: ba shi da hasken kansa, amma in an haska shi da tocila sai ya mayar da haske.

Nisan da ake iya jiyo ta ya danganta ga yawan kaɗawar igiyar. Akwai mai kaɗawa wajen sau dubu 134 a daƙiƙa, wadda masana ilmin halittu ke cusawa a ƙarƙashin fatar kifi ko tsuntsu, a cikin ɗan gilashi kamar ƙwayar shinkafa, don su gane dabbar duk ranar da ta sake wucewa. Akwai mai kaɗawa sau miliyan 13.56, wadda ke cikin fasfon da Nijeriya ta fara bayarwa a 2007 da katunan banki na ɗorawa. Ita sai an matso da ita 'yan santimitoci kaɗan, kuma wayoyin hannu da dama suna iya jin ta. Sai kuma mai kaɗawa sau miliyan 860 zuwa 960, wadda ake jiyowa daga nisan mitoci da yawa, har a ƙirga ɗaruruwan kaya a sito cikin ɗan lokaci ba tare da an buɗe kwali ba.

Dalilin Saka Ta a Jaka

Babban dalili shi ne jabu. Wani rahoto da ƙungiyar OECD ta fitar tare da ofishin Tarayyar Turai mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a 2019 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kayan jabu sun kai dala biliyan 509, watau kashi 3.3 cikin ɗari na cinikin duniya, kuma takalma da tufafi da kayan fata suna sahun gaba. Lambar da aka buga a kan fata ko katin shaida da aka jefa cikin jaka, kowa yana iya kwaikwayonsu. Ƙwayar da aka kulle da mabuɗin lissafi kuwa tana da wuyar kwafa. Kamfanin Salvatore Ferragamo ya fara sa ta a takalman mata a 2014. A 2021 Louis Vuitton ya daina buga lambar kwanan wata ya koma ga ƙwayar, Chanel ma ya yi watsi da katinsa a shekarar. Da wannan, mai saye ba zai yi cinikin biri a sama ba, kuma kamfani ya san ranar da aka ɗinka jakar da kantin da aka sayar da ita.

Abin da Ba Ta Iyawa

Jita-jita ta yi yawa cewa wai kamfani yana zaune a Faransa yana kallon inda kowace jaka ta shiga. Ilmin kimiyya bai goyi bayan wannan ba. Shaidar ba ta magana da tauraron ɗan'adam, ba ta san inda take ba, ba ta kuma ɗaukar murya. Ruwa yana shanye igiyar mai dogon zango, jikin mutum kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. Ƙarfe kuma yana tare ta. Kada a haɗa ta da na'urori irin su AirTag da kamfanin Apple ya fitar a 2021, waɗanda suke da batir kuma suke sanar da inda suke ta hanyar wayoyin da ke kusa. Waɗancan ne aka sha kama miyagu suna jefawa a jaka ko motar wani don bin sawunsa.

To Ina Haɗarin?

Kowane allazi da nasa amanu. Tun asalinta wannan dabara tana da alaƙa da leƙen asiri. A 1945 'yan makaranta a Tarayyar Sobiyet suka ba jakadan Amurka, Averell Harriman, kyautar tambarin ƙasarsa da aka sassaƙa da itace. A cikinsa akwai na'urar sauraro da Léon Theremin ya ƙirƙira, ba batir ba waya, sai an haska ta da igiyar rediyo daga waje take aiki. Ta yi kimanin shekara bakwai a rataye kafin a gano ta. Shaidar jaka ba ta sauraro, amma ta gaji hali ɗaya daga waccan: tana amsa kira ba tare da mai ita ya sani ba.

Haɗarin yana fitowa ne ta fuska uku. Ta farko, lambar ba ta nau'in kaya ba ce kawai kamar zanen layi-layi da ke jikin gwangwanin madara; kowace jaka da tata lambar, ba ta da ta biyu a duniya. Ta biyu, ba a bukatar ganinta kafin a karanta, domin igiyar tana ratsa fata da yadi. Ta uku, wadda ta fi muhimmanci, ita ce rumbun bayanai. Lamba ita kaɗai ba ta tona asirin kowa. Amma ranar da aka sayi jakar aka rubuta suna da lambar waya da katin bankin mai saye a gefen lambar jakar, to daga ranar jakar ta zama katin shaidar mai ita. Idan shaidar mai dogon zango ce, duk ƙofar kantin da aka kafa wa na'urar karantawa tana iya rubuta cewa wance ta shigo ranar kaza da ƙarfe kaza. Idan aka tara irin waɗannan bayanai sai su nuna inda mutum ke zuwa da abin da yake kashewa, kuma rumbun bayanai ana iya sayar da shi ko a sace shi.

Wannan ya taɓa jawo rigima. A 2003 aka sanar cewa kamfanin tufafi na Benetton zai sa shaidar a cikin kayansa, sai wata ƙungiyar masu saye a Amurka ƙarƙashin Katherine Albrecht ta yi kiran a ƙaurace masa, har kamfanin ya ja da baya. A 2004 aka gano cewa wani kantin kamfanin Metro a garin Rheinberg na Jamus ya ɓoye shaidar a katunan rangwame na abokan cinikinsa ba tare da ya faɗa musu ba, dole ya janye katunan. A duka biyun, abin da ya fusata jama'a shi ne ɓoyewar.

Bahaushe ya san darajar wannan al'amari tun kafin zuwan rediyo. Ginin gidajen cikin birni, daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida, an tsara shi ne don baƙo ya tsaya inda aka yi masa iyaka, kuma babu addu'ar da ta fi yawa a bakin mutane kamar roƙon rufin asiri. Kayan lefe ma, ko da yake ana nuna su, mata ne ke zaɓar wanda zai gani da ranar da zai gani. Jakar da ke amsa wa duk wanda ya tambaye ta ta ƙwace wannan zaɓi daga hannun mai ita.

Abin da Doka Ta Tanada

A 2009 Hukumar Tarayyar Turai ta ba da shawarar cewa a riƙa sanar da masu saye idan kaya na ɗauke da shaidar, kuma a kashe ta a wurin biyan kuɗi idan tana barazana ga sirri, sai fa in mai saye ya yarda a bar ta. Matsalar jakar tsada ita ce, da gangan aka yi shaidarta don ta rayu muddin jakar tana nan. A Nijeriya, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa haƙƙin sirri, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mutum ikon ya san abin da aka tara a kansa, ya nemi a gyara, ko a goge a inda doka ta yarda.

Gwaji a Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan cikin sauƙi. A samo takardar farashi ta sabuwar tufa daga manyan kantuna a ɗaga ta ga hasken rana. In tana da shaidar, za a ga zanen eriyar. Sannan a ɗauki wayar hannu mai jin shaidar kusa, a ɗora mata katin da ke da ƙwayar, a lura da yadda take amsawa. A naɗe katin da takardar alminiyam a sake gwadawa, za a ji shiru. Faraday ɗin nan dai shi ya bayyana dalili: ƙarfen da ya kewaye abu yana hana igiyar shiga.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Mai sayen irin wannan jaka yana da damar ya tambayi mai kanti ko akwai shaida a ciki, daga wane nisa ake karanta ta, me aka rubuta a gefen lambarta, kuma wa ke da izinin dubawa. Ga dukawan Kano kuwa akwai wata dama. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2024 wadda a hankali za ta tilasta wa kayayyaki da dama ɗaukar bayanin asalinsu. Ƙwayar da ke iya tona asirin mai saye ita ce kuma ke iya faɗa wa duniya cewa wannan fata a Kano aka jeme ta, bayan ɗaruruwan shekaru tana amsa sunan Maroko. Sharaɗin dai shi ne lambar ta tsaya a kan tarihin fatar, kada ta bi mai jakar gida. Ɗaliban da ke karatun kimiyya a yau su ne za su tsara irin waɗannan rumbunan bayanai gobe, kuma a hannunsu wannan iyaka za ta kasance.