Bargon Ƙyalle: Sana'ar Da Ke Rayuwa Da Ragowar Teloli A Dilimi

Duk ma'aikacin da aka taɓa turawa taron bita a Jos cikin Disamba ko Janairu ya san abin da ake kira muku-mukun sanyi. Mutum zai baro Abuja yana sharce gumi, ya ratsa Keffi da Akwanga, amma da zarar mota ta gama Hawan Kibo sai ya fara laluben rigar sanyi. Birnin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a irin wannan wuri bargo yana cikin kayan da ake lissafawa kafin a kai amarya ɗaki. Bargon da na taso ina lulluɓa da shi a can ba daga kanti aka sayo shi ba. Wata ƙawar mahaifiyata ce ta ɗinka shi da guntayen atamfa, kuma a gidanmu bargon ƙyalle muke ce masa. A hutun da na samu kwanan baya na koma wurinta na yini, bisa sharaɗin ba zan sa sunanta a jarida ba. Goggo nake kiranta tun ina yaro, haka zan kira ta a nan.

Gidanta yana cikin wani lungu a Dilimi, bayan jerin shagunan kayan gyaran mota da suka sa unguwar ta yi suna. Daga rafin Dilimi unguwar ta samo sunanta, rafin da aka riƙa wanke kuza a bakinsa tun farkon ƙarni na 20, lokacin da kamfanonin Turawa suka janyo leburori da 'yan kasuwa daga Kano da Zariya da Bauchi da Borno. Kakan Goggo yana cikin waɗanda suka biyo ƙaramin jirgin ƙasan nan da ya haɗa Zariya da Jos a 1914. Tela ne, ya zo yi wa leburorin kuza ɗinki, bai sake komawa ba. Ita kuwa, da ta haura shekara sittin yanzu, abin da almakashin teloli ya zubar shi ne jarinta.

Aikin yana farawa bayan sallar asuba, kafin masu bugun ƙarfe su cika unguwa da ƙara. Jikanta ne ke zagaya shagunan teloli da yamma ya kwaso mata ƙyallaye a buhu, wasu kyauta, wasu da 'yan kuɗi. Kakarta ita ce makonnin da ke gaban sallah ƙarama da babba da kuma Kirsimeti, lokacin da teloli ba sa barci. Takan zazzage buhun a kan tabarma ta soma tsinta, kuma wannan tsintar ce ta fi cin lokaci. Ƙyallen da ta yi shakkarsa sai ta ƙyasta ashana ta kanga wa gefensa. Idan auduga ce zalla, yakan ci wuta kamar takarda ya bar toka mai laushi. Idan mai roba ne, sai ya narke ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu mai tauri, ga wari irin na leda. Wannan na biyun tana ware shi gefe, domin masu cusa matashi su saya.

Waɗanda suka tsallake jarrabawa sai a jiƙa su a wanke, don mai zuba ya zuba tun kafin ya ɓata maƙwabcinsa, mai tsukewa kuma ya tsuke. Bayan sun bushe ta bi su da dutsen guga na gawayi, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, sannan ta ɗora wani kwali da ta yanka mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar tafin hannu, ta riƙa fitar da su daidai wa daida. Bargon hawa uku ne: fuskar da aka haɗa da ƙyallaye, abin da ake sakawa a tsakiya don ɗumi, sai shafi daga ƙasa. A da tsofaffin zannuwan auduga take jerawa a tsakiya. Yanzu tsohon bargo take nema a wurin 'yan gwanjo na kasuwar Katako, ta wanke shi sau biyu. Fuskar kaɗai ake haɗawa a keke, wani tsohon Butterfly na ƙafa da ya girme ni. Ɗinke hawa ukun kuwa da hannu ne, a ƙasa, da babbar allura, kuma daga tsakiya ake farawa a yi waje, in ba haka ba abin da ke ciki zai tattare ya yi tudu. Babban bargo na gado yakan ci mata mako biyu zuwa uku.

Inda na fi daɗewa ina kallonta shi ne wajen jera launi. Ba ta zana komai a takarda. Takan shimfiɗa ƙyallayen a tsakar gida, ta ja da baya har bakin ƙofa, ta ƙanƙance ido, sannan ta dawo ta ɗauke ja ɗaya ta musanya shi da shuɗi. Ƙa'idarta, kamar yadda ta bayyana mini, ita ce kada masu duhu biyu su zauna kusa da juna, kuma kada a bar rawaya ta yi yawa domin takan danne sauran. Shadda ba ta shiga tsakiyar atamfa sai dai a baki, saboda ƙyallinta yana jan ido. Akwai kuma atamfofin siyasa, masu ɗauke da fuskokin 'yan takara, waɗanda ke cika buhu bayan kowane zaɓe. Ba ta zubar da su idan audugarsu mai kyau ce, sai dai tana yanka su ta yadda ba za a gane kowa ba. Na ga wani bargo da idon wani ɗan takara ya faɗo daura da kunnen abokin hamayyarsa, kuma na tabbata wasu masu karanta wannan shafi sun taɓa raba irin waɗannan atamfofi da hannunsu.

Aikin da ta fi ɗauka da nauyi shi ne wanda ake kawo mata zannuwan mamaciya. 'Ya'ya sukan riƙe biyu ko uku daga kayan mahaifiyarsu bayan an yi rabon gado, su ce a mayar musu bargo. Irin wannan ba ta haɗa shi da ƙyallen kowa, ba ta kuma ba wa yara su taya ta yanka.

Wasu na ɗaukar wannan ɗinki a matsayin abin da Turawan mishan suka kawo, kuma a tarihin Goggo akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Salon jera murabba'ai ta koye shi ne daga wata maƙwabciyarta Kirista, wadda ita kuma ta koyo a ajin ɗinki na zumuntar mata a cocinsu. Har yau ma akwai irin wannan koyarwa a Jos, inda gidauniyar Mashiah ta daɗe tana koya wa mata masu ɗauke da cutar ƙanjamau da zawarawa ɗinkin barguna don su riƙe kansu. Amma ɗinke yadi hawa-hawa da auduga a tsakani tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Goggo takan je Kano sau ɗaya ko biyu a shekara sayen yadin shafi a Kantin Kwari, kuma a wata tafiya da ta faɗo cikin sallah ta tsaya kallon Hawan Daushe. Ta ce da 'yan lifida suka gifta, ba mahayan ta kalla ba, layin ɗinkin da ke jikin dawakin ta bi da ido, ta ga aikinta ne sak, sai dai nasu ya fi kauri. Lifidi rigar yaƙi ce ta doki da mahayinsa, wadda ake cusa wa auduga a ɗinke ta sosai har ta iya tare kibiya, kuma Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Tun daga wannan tafiya ta rage tazarar da ke tsakanin layukan ɗinkinta.

Maƙwabciyar da ta koya mata ba ta Dilimi yanzu. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumban 2001 ya raba mazauna Jos unguwa-unguwa bisa addini, na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 suka ƙara zurfafa rabuwar. Ta kwashe iyalinta ta koma wani ɓangare na gari. Gobarar da ta cinye babbar kasuwar Jos a Fabrairun 2002 ta haɗa da rumfar da Goggo ke ajiye bargunanta a sayar mata, kuma a 2008 wuta ta ci wani sashe na Katako inda take sayen kayan ciki. Duk da haka ƙungiyarsu ba ta watse ba. Su goma sha wani abu ne, Musulmi da Kirista, ba su da rajista, ba su da suna a allo. Sukan haɗu sau ɗaya a wata a bayan shagon wata daga cikinsu kusa da Taminus, domin wuri ne da kowacce za ta iya zuwa ba tare da mijinta ya ɗaga hankali ba. Bayan tagwayen bama-baman da suka tashi a wurin ranar 20 ga Mayun 2014 sun yi watanni ba su taru ba, daga baya suka koma. Abin da suke yi a zaman bai wuce zubin adashi, da musayar ƙyallaye, da raba aiki idan wata ta samu odar da ta fi ƙarfinta ba. Mai yawan kore ta ba mai neman kore. Goggo ce uwar adashi, kuma littafin zubin yana cikin gwangwanin da take ajiye allurai.

Abin da ya fi damunta a yanzu shi ne buhun da jikanta ke kawowa. Lokacin da ta fara, kusan duk abin da tela ya zubar auduga ce, domin masaƙun Kaduna da Kano suna aiki. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, ita ma UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Atamfar da ta maye gurbinsu a kasuwa galibi daga Sin take zuwa, kuma mai arha a cikinta cike take da roba. A yau sau da yawa tulin da Goggo ke warewa gefe ya fi wanda take ɗauka girma. Ƙyallen roba yana santsi a ƙarƙashin allura, ba ya shan gumi, kuma idan aka haɗa shi da auduga sai bargon ya karkace bayan wanki biyu. Ta ɗaya gefen kuma ga barguna masu laushi na waje jibge a kasuwa, waɗanda ake sayarwa a kuɗin da bai kai ladan kwana uku na aikinta ba. Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje daga hannunsa a Maris na 2019, aka kuma janye hanin a Oktoban 2023. Daga tabarmar Goggo ba a ga bambanci tsakanin kafin da bayan ba.

Nan ne zancen ya shafi mutanen Abuja. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003, wanda aka sa wa hannu a Mayun 2017, ya wajabta wa ma'aikatu su fifita kayan gida, har ya ware aƙalla kashi 40 cikin 100 na sayayyar wasu kayayyaki kamar kayan sarki da kujeru da kayan rubutu. Mace irin Goggo ba ta ma kai ƙofar wannan tsari ba, tunda mai neman kwangila sai ya nuna rajistar kamfani da takardar biyan haraji da sauran shaidu. A ganina ba ta kwangila za a same ta ba. Kowace shekara manyan jami'ai suna zuwa Kuru, inda Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki take tun 1979, ga tarurrukan bita a otal-otal na Jos, kuma a ƙarshen kowanne akan raba jakunkuna da tawul-tawul da aka ƙera a wata nahiya. Hadimin da ke tsara tsarabar maigidansa zai iya tambayar inda masu wannan ɗinki suke. Sai dai ya sani tun farko: ƙungiyar ba za ta iya fitar da bargo hamsin cikin mako guda ba, babu biyu da za su zo iri ɗaya, kuma za su nemi kafin alƙalami domin ba su da jarin sayen shafi. Mai son kaya ranar Juma'a wanda ya tuna ranar Talata gara ya nufi kanti.

Na ba ta labarin matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama ta Amurka, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna ɗinka barguna da tsofaffin tufafin aiki don maganin sanyi, har aka baje kolinsu a manyan gidajen tarihi a 2002, aka kuma buga hotunan bargunan a kan kan sarki a 2006. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko waɗanda suka ɗinka ɗin sun samu wani abu, ko kuwa masu baje kolin ne suka kwashe. Daga nan ta koma kan zaren da take ƙoƙarin zurawa.

Zura zaren ne yanzu ke ba ta wuya. Idonta ya fara rauni, don haka aikin hannu sai da hantsi, idan rana ta faɗo tsakar gida. Da la'asar takan ajiye allura ta duba lambunta, wanda bai wuce buhuna shida na ƙasa da ta jera a gindin katanga ba, latas da yakuwa da albasa mai lawashi, rediyonta yana rataye a ƙusa. Cikin 'ya'yanta babu wanda ya gaji sana'ar. Wata jikarta ce dai ke ɗaukar hoton bargunan tana sakawa a WhatsApp, ta hanyarta ne kuma aka fara samun masu saye daga Kaduna da Abuja, amma yarinyar karatun jinya take so, Goggo kuma ba ta hana ta ba.

Da zan tafi ta ɗauko wani ƙunshi da aka naɗe a tsohon buhun shinkafa, ta ce tunda Allah Ya kawo ni, in rage mata kuɗin mota in kai wa wata malamar makaranta a Kubwa. Zannuwan mahaifiyar matar ne guda uku, shuɗi biyu da ruwan goro ɗaya. Ta ja mini kunne kada in bari yaran tasha su jefa shi a but tare da buhunan dankali, don haka a kan cinyata ya sauko Hawan Kibo.