River (rukunin kawunan jirgin ƙasa)

River suna ne na wani rukunin kawunan jirgin ƙasa masu aiki da kwal da tururi, waɗanda hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ta fara shigo da su daga Birtaniya a shekarar 1948. Suna jan taragun kaya, har da na fasinja, a kan layin dogo mai faɗin ƙafa uku da rabi, wato milimita 1,067. Kowane kai an raɗa masa sunan wani kogi, kuma daga nan rukunin ya samo sunansa, domin ma'anar kalmar ke nan da Turanci. Suna cikin kawunan da suka yi dakon gyaɗar Arewa zuwa bakin teku ta Kaduna, kafin injinan dizal su gaje su.

Kaduna da layin dogo

Layin dogon da aka faro daga Baro a 1907 ya ƙetare Kogin Kaduna, ya isa Kano a 1911. Wannan layi da wadatar ruwan kogin na cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. A 1927 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Kafanchan, ya iso Kaduna, garin ya zama mahaɗar manyan layuka biyu. Mahaɗar tana kudancin kogi. A arewacinsa, inda ofisoshin gwamnati suke, akwai tashar Kaduna ta Arewa, kuma ta nan jirgi ke bi zuwa Rigachikun da Zariya da Kano. Saboda haka kayan da aka loda a Kano ko Nguru ko Gusau sai sun ratsa arewacin Kaduna sun hau gada kafin su nufi Legas ko Fatakwal.

Dalilin shigo da su

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta shiga ƙarancin mai na abinci, ta matsu da gyaɗar Najeriya. Amma kawunan jirgin da ake da su sun gaji, ga ƙarancin kayan gyara. Buhunan gyaɗa suka taru a Kano, aka yi ta jera su dala-dala ana jiran jirgi, ƙwari na ɓarna a ciki. A wannan yanayi ne aka yi odar sababbin kawuna. Kamfanin Vulcan Foundry na Ingila da kamfanin North British na birnin Glasgow suna cikin waɗanda suka ƙera rukunin River. Ƙirar ta karɓu, har aka ɗora a kanta wajen ƙera rukuni na 29 na jiragen ƙasan Gabashin Afirka.

Ƙira da yadda yake aiki

Tsarin ƙafafun kan jirgin shi ne 2-8-2. Ƙananan ƙafafu biyu na gaba su ke jagorantarsa a kwana, manya takwas na tsakiya su ke jan kaya, biyu na baya kuma su ke ɗauke da murhu. Wannan tsari yana ba da damar yin murhu mai faɗi, abin da ya dace da kwal ɗin Inugu, wanda zafinsa bai kai na kwal ɗin Birtaniya ba.

Mutum biyu ke aiki a kai: direba da mai zuba kwal. Mai zuba kwal yana ɗebowa da shebur daga taragon kwal da ruwa da ke maƙale a baya, yana watsawa cikin murhu. Zafin wutar yana bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa tukunyar ruwa, ruwan ya tafasa ya zama tururi mai ƙarfi. Idan direba ya buɗe masa hanya, sai tururin ya shiga silinda ya riƙa tura fistin gaba da baya, sandunan ƙarfe kuma su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi da ƙarfi, yana jawo iska cikin murhu, wutar ta ƙara ruruwa. Shi ne ƙarar da ake ji a jere idan jirgi ya tashi.

Babban haɗarin aikin shi ne ƙarancin ruwa. In ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu, ƙarfen zai yi laushi, tukunya na iya fashewa. Don haka ake kafa tankunan ruwa a tashoshi, kuma idon mai zuba kwal ba ya barin gilashin da ke nuna yawan ruwa.

Ƙarshen zamaninsu

A 1955, shekarar da aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, aka fara shigo da injinan dizal. Sun fi dacewa da Arewa, inda ruwa ke ƙaranci da rani, kwal kuma sai an yi dakonsa daga Inugu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da haƙar kwal, abin da ya ƙara gaggauta sauyin. Sannu a hankali aka ajiye kawunan tururi. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai tsayawa a Rigasa, da dizal yake aiki, a kan layi mai faɗin milimita 1,435.

Ƙananan samfura masu aiki

A ƙasashen da aka daina amfani da tururi, hanya ɗaya da ake adana ilimin ita ce ƙera ƙaramin samfurin kan jirgi mai aiki da wuta da ruwa kamar na gaske. Sana'ar ta yi ƙarfi a Birtaniya, inda mujallar Model Engineer ta fara fitowa a 1898. Layukan da aka fi amfani da su su ne masu faɗin inci uku da rabi, inci biyar, da inci bakwai da kwata.

Faɗin layin Najeriya inci 42 ne. Don haka samfurin River a kan layin inci uku da rabi zai zama kashi ɗaya cikin 12 na tsawon na gaske, amma cikin tukunyarsa zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin 1,728. Wannan ne ke sa tuƙa ƙaramin ya zama aikin natsuwa, domin ruwansa na saurin ƙarewa, wutarsa na saurin mutuwa. Yawanci da jan ƙarfe ake yin tukunyar, kuma ba a hura mata wuta sai an cika ta da ruwa an gwada ta da matsin da ya wuce na aikinta. Samfuri mai kyau yana jan mutane da dama a zaune a bayansa.

Aikin na buƙatar injin sassaƙa ƙarfe, da zubi, da walda, da awo mai tsanani. Irin waɗannan sana'o'i ne ake koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, kuma ake yin su a kasuwar Panteka.