Yadda Wayarka Za Ta Taimaki Mai Ciwon Zuciya Ya Ɗore Da Motsa Jiki A Gida

An sallamo Baba daga asibiti bayan ya yi fama da bugun zuciya, likita ya ce ya riƙa tattaki kullum. Makon farko ya yi. Na biyu ya ce rana ta yi zafi. Na uku kuwa takalmin ya koma ƙarƙashin gado. Sau da yawa ba lalaci ba ne. Wasu tsoro suke ji kada ciwon ya tashi idan sun motsa, wasu kuma babu mai bibiyarsu. A nan ne wayar da ke hannunka za ta yi rana.

A 2014, masu bincike na hukumar CSIRO a Ostareliya sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 120 da suka yi bugun zuciya. Wasu suna zuwa cibiyar motsa jiki, wasu kuma an bar su a gida da waya mai ƙirga taku, tana turo musu saƙonni, ga ma'aikacin lafiya da ke kiransu duk mako. Kashi 80 cikin 100 na 'yan gida sun kammala shirin, na cibiya kuwa kashi 47 kacal.

Ko saƙon tes ma yana tasiri. A wani binciken da aka yi a Sidni, aka fitar a 2015, an raba masu ciwon zuciya 710 gida biyu, ana tura wa rukuni ɗaya saƙo huɗu a mako na tsawon wata shida. Sun ƙara motsa jiki, hawan jininsu ma ya ɗan sauka.

Ka lura, ba tsadar waya ce sirrin ba. Abu uku ne: tunatarwa, ganin ci gaba da ido, da sanin cewa wani yana dubawa.

To, me za ka yi? Saka masa manhaja irin Samsung Health ta riƙa ƙirga takunsa. Saita ƙararrawa ta zo daidai da abin da ya saba, kamar bayan sallar Asuba kafin rana ta ɗaga. Ka kira shi ko ka nemi hoton takun ranar ta WhatsApp. In kana kusa, ku fita tare.

Amma fa waya ba likita ba ce. Likita ne zai faɗi iya abin da zuciyarsa za ta ɗauka. Wasu magungunan zuciya suna rage saurin bugawarta, don haka kada ya bi ma'aunin da agogon zamani ke nunawa ido rufe. Ya yi tafiyar da zai iya magana ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Da ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ya tsaya, a garzaya asibiti.

Yau da dare, ka karɓi wayar Baba ka saita masa ƙararrawar gobe.