Kasuwar Motocin Hannu a St. George, Inda Uba Ke Nema wa Ɗansa Motar Fari

A ƙuryar arewa maso gabas ta tsibirin Staten, ɗaya daga cikin gundumomi biyar da suka haɗu suka zama birnin New York, akwai wata unguwa da ake kira St. George, wadda aka gina a gangaren tudu tana fuskantar teku. Kuma duk wanda ya taɓa shiga jirgin fiton nan mai launin ruwan goro da ke kai da kawo tsakaninta da Manhattan dare da rana, cikin kamar minti 25, ba a kuma karɓar ko anini a kansa tun shekarar 1997, to ya taka ƙasarta ko da bai riƙe sunanta ba. Nan fadar mulkin gundumar take, da kotuna, da makarantar sakandare ta Curtis wadda aka buɗe a 1904. Nan ne kuma mafarin layin dogon da ya ratsa tsibirin har Tottenville, da tashar da bas-bas ke tashi zuwa kowace kusurwa.

Baƙo zai yi zaton mazaunin irin wannan wuri ya wadatu daga mota, alhali kuwa lamarin ba haka yake ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da sauran gundumomi huɗu ke taƙama da shi bai tsallako tsibirin ba, jami'ar da yara da yawa ke shiga tana can Willowbrook, babbar cibiyar kantuna inda samari ke samun aikin bayan makaranta tana New Springville, bas kuwa ba ta san gaggawar mai gudun makara ba. Saboda haka fiye da kashi 80 cikin ɗari na gidajen tsibirin suna da mota, abin da babu irinsa a sauran birnin, kuma da zarar yaro ya doshi shekara 18, maganar mota za ta shiga gidan, ta zauna daram, ba ta fita sai an yi mata hukunci.

Kasuwar da ake zuwa domin wannan bukata ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofa, ba ta da sarkin kasuwa, amma wanda ya lura zai ga ta kasu kashi uku. Akwai manyan dillalai da suka jeru a titin Hylan, wajen Dongan Hills da New Dorp, masu ɗakunan gilashi, waɗanda ke sayar da sababbi su kuma karɓi tsofaffi a musaya. A wurinsu kaya sun fi tsabta, kuɗi ma sun fi nauyi. Akwai ƙananan filaye da garejoji da mutum zai riƙa cin karo da su in ya bi titin Bay ya yi kudu, ko ya bi Richmond Terrace ya yi yamma wajen Port Richmond, inda motoci ke tsaye ƙugu da ƙugu a bayan shingen waya, an rubuta wa kowace kuɗinta a gilashin gaba. Na ukunsu, wanda a yau ya fi su yalwa, yana cikin wayar hannu, a shafukan talla na Facebook da Craigslist, inda tsohuwar da ta daina tuƙi ke neman rabuwa da motarta tsakani da Allah, kuma inda ɗan kasuwar da ba shi da lasin sana'a ke fakewa da sunan mai gida, ya yi maka alkawarin haɗuwa a bakin titi, in an gama ciniki ya canza lambar waya. Masu saye da masu sayarwa kuwa duniya ce guda: jikokin Italiyawa, da Albaniyawa da mutanen Siri Lanka na Tompkinsville, da 'yan Laberiya na Park Hill, da 'yan Meziko na Port Richmond, da namu 'yan Nijeriya da Gana da Nijar. Kasuwar ta fi ci daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da hukuma ke mayar wa ma'aikata rarar harajinsu, sa'an nan ta sake motsawa a watan Yuni, lokacin yaye ɗalibai. Mai haƙuri yakan jira hunturu, lokacin da sanyi ya kori masu taya.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fatauci, ko da bai taɓa barin gida ba. Wanda ya tsaya a bakin ruwa a St. George zai ga manyan jirage suna shiga mashigin Kill Van Kull, su wuce ƙarƙashin gadar Bayonne zuwa tashar Newark, kuma daga can ne ake loda motocin da aka saya a gwanjo zuwa Legas da Kwatano, har su ƙare a hannun dillalan Kano da Maraɗi. Ma'anar wannan ita ce, uban da ke neman Corolla ko Camry mai sauƙin kuɗi a tsibirin Staten yana takara ne, bai sani ba, da ɗan'uwansa falke da ke neman irinta domin kasuwar gida, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa motocin Japan ba su faɗuwa warwas kome tsufansu. Tun ƙarancin sababbin motoci na 2021 kuwa, arahar da aka sani a da ba ta komo yadda take ba.

Kafin a taya mota, wajibi ne a san hukuncin wanda za a saya wa. A jihar New York ɗan shekara 16 na iya karɓar takardar izinin koyo, amma ba zai shiga jarrabawar tuƙi ba sai ta yi wata shida a hannunsa, ya kuma yi awa 50 yana tuƙi a gaban babba, 15 daga ciki bayan faɗuwar rana. Kuma ko ya ci jarrabawar, ƙaramin lasin da ake ba wanda bai kai 18 ba bai halatta masa tuƙi a ko'ina cikin gundumomi biyar na birnin ba, sai fa ɗan shekara 17 da ya kammala karatun tuƙi na makaranta wanda hukuma ta yarda da shi, shi ne ake ba cikakken lasin. Ba don ƙeta aka tsananta ba. Cibiyar kamfanonin inshora mai binciken haɗurran hanya, wato IIHS, ta daɗe tana nuna cewa, in aka auna da tsawon tafiya, haɗarin da ake rasa rai a cikinsa ya kusan ninka sau uku ga masu shekara 16 zuwa 19 a kan masu shekara 20 zuwa sama.

Daga nan ne hikimar zaɓi ke tasowa, kuma tana saɓa wa son zuciyar yaro da na uba baki ɗaya. Yaro na son mai ƙarfin inji da ƙarar salansa, musamman tsohuwar motar alfarma ta Jamus, wadda kuɗin sayenta ya zube amma kuɗin gyaranta yana nan a matsayinsa na da. Uba kuwa na son 'yar mitsitsiya mai shan mai kaɗan, ko wadda ta tsufa har ba a jin zafin ɓarnarta. Maslaha tana tsakiya: mota matsakaiciya, mai isasshen nauyi da zai kare na ciki in an yi karo, mai inji marar zafin rai, wadda kowane bakanike ya san cikinta kuma kayan gyaranta na kowace kwana, irin su Corolla da Camry, da Civic da Accord, da Mazda 3. An fi so ta kasance ƙirar 2012 zuwa sama, domin daga wannan shekara ne doka ta wajabta na'urar da ke taka wa kowace taya birki ita kaɗai in mota ta fara zamewa, na'urar da ta ceci rayuka masu yawa a kan ƙanƙara da ruwan sama. Wasu ƙirar Kia da Hyundai na 2011 zuwa 2021, waɗanda aka yi ba tare da makarin satar inji ba, sun sha hannun ɓarayi har birnin New York ya kai kamfanonin biyu ƙara a 2023, don haka mai son su sai ya fara jin ta bakin kamfanin inshora.

Amma sunan ƙira ba ya wanke mota, abin da ta gani a rayuwarta shi ne asalin magana, kuma motocin wannan tsibiri abokan gabansu biyu ne: gishiri da ruwa. Gishirin da ake barbaɗawa a tituna domin narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ƙasa, fenti na sheƙi a sama. Ruwa kuwa, tun daren 29 ga Oktoba 2012, da guguwar Sandy ta turo teku cikin Midland Beach da New Dorp Beach da Oakwood Beach, da kuma ambaliyar Ida ta Satumba 2021, mutanen nan sun san cewa motar da ta nutse takan bushe, a wanke ta, a fesa mata turare, ta sake bayyana a kasuwa. Shi ya sa za ka ga gogaggen bakanike bai damu da kyan bodi ba. Zai sa a rufe gilasai a kashe fanka, ya zauna ciki shiru yana shaƙa. Zai jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, yana neman layin laka a inda mai wanki bai kai ba. Zai ɗaga shimfiɗar but ya fitar da safaya, ya shafa ramin da yatsa ko zai ji yashi. Zai haska tocila a kusoshin da ke riƙe da kujeru, domin tsatsa a nan ba ta da wani uzuri sai ruwa. Sa'an nan ya ɗaga motar sama ya bi bututun birki yana ƙwanƙwasawa, ya zare ma'aunin baƙin mai ya duba ko ya yi fari kamar an zuba madara, ya jona 'yar kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, domin ta gaya masa ko an goge fitilar gargaɗi jiya jiya don a rufe bakin inji. In yaro ya ƙosa ya ce, "Baba, wallahi lafiyarta ƙalau, ka ji ƙarar injin," sai uba ya ce, "Bari Malam ya gama, ɗana, mota ba ta ƙarewa a kasuwa." Daga nan a hau da ita tudun titin Victory tun daga Tompkinsville, inda giya mai ciwo ba ta iya ɓoye numfashinta, a sauko kuma a ji birki. Dala ɗari ko ɗari biyu da aka biya wannan bincike su ne kuɗi mafi albarka a cinikin duka, kuma mai sayarwar da ya hana a kai motarsa wurin bakanike ya riga ya ba da amsa.

Wannan aibi na ɓoyayyen ruwa tsohon abu ne a kasuwa. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, mai kayan ya kawo hanzari da ruwan sama, aka kuwa tsawata masa a kan rashin fito da jiƙaƙƙen sama inda mutane za su gani. A kan irin wannan asali malaman Malikiyya, kamar mai Risala, suka haramta algus da ɓoye aibi, suka ba mai saye zaɓin mayar da kaya in aibin ya bayyana. Dokar New York ta zo da makamancin wannan, da iyakoki ƙayyadaddu. In an sayi mota wurin dillali a kan dala 1,500 ko fiye, kuma malejinta bai wuce mil 100,000 ba, wajibi ne ya ba da lamuni a rubuce kan inji da giya da birki da sitiyari: kwana 90 ko mil 4,000 ga wadda ba ta wuce mil 36,000 ba, kwana 60 ko mil 3,000 ga wadda ke ƙasa da 80,000, kwana 30 ko mil 1,000 ga sauran. Wannan kariya ba ta shafi cinikin bakin titi ba. A can garkuwar mutum ita ce ya gwada lambar jikin mota mai harafi da alƙalami 17 da wadda ke takardar mallaka, ya tabbatar sunan da ke takardar shi ne na wanda ke gabansa kuma babu bashin banki a kanta, ya nemi tarihin haɗurranta, ya kuma duba ko kamfani ya taɓa kiran ta gyara, musamman a kan jakar iska ta Takata da ta shafi miliyoyin motoci.

Ko an yi taya an yi albarka har an kai ga sallama, hisabi bai ƙare ba. Akwai harajin saye na kashi 8.875 cikin ɗari, da kuɗin rajista da lamba, da awon lafiyar mota na kowace shekara, da uwa uba inshora, wadda ba a ba da lamba sai da ita, kuma wadda ga sabon direba a wannan birni kan yi nauyin da a shekara guda za ta iya gogayya da kuɗin tsohuwar motar kanta. Darasin kiyaye haɗari da hukuma ta amince da shi yana rage kashi 10 cikin ɗari na kuɗin inshora har shekara uku. Wasu dillalai za su ce ka kawo abin da ya sawwaƙa ka tafi da mota, sauran a biya wata wata, sai dai ruwan da ke kan bashin yakan cinye arahar har ya taɓa uwar kuɗi, ban da nauyin riba a wuyan mai imani. Don haka iyalai da yawa daga cikin mutanenmu suke jiran kwasar adashi su biya lakadan, ko da hakan zai sa yaro ya ƙara wata shida yana bin bas.

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma a wannan kasuwa abin da ake so ya komo gida ya fi kuɗi daraja. Uban da ya miƙa wa ɗansa makulli ya ɗora masa amanar ransa da ta duk wanda ke tsallaka titi a gabansa, a birnin da tun 2014 aka iyakance gudu a mil 25 a galibin titunansa, kamarori kuma ke tsaron kewayen makarantu dare da rana. Ya dace yaron ya sa guminsa a cikin kuɗin, ya tsaya a ƙarƙashin motar tare da bakanike, ya karanta takardun da idonsa, ya ji yadda ubansa ya juya baya ga mai kyau saboda shakka ya ɗauki mai sauƙin ado saboda yaƙini, domin wanda ya koyi haƙuri a wurin saye ya fi kusa da yin haƙuri a kan sitiyari. Allah Ya kiyaye mana zuriya, Ya sa albarka a abin hawa da mahayinsa.